Shin Sai Na Biya Mai Taimaka Mini Neman Bayanan Gwamnati?

Tambaya: Malam, an fara gina mana rijiyar burtsatse a unguwarmu, aka watsar da aikin. Wani ɗan fafutuka ya ce zai nemo mana takardun kwangilar, amma sai mun haɗa masa Naira 15,000. Ya dace kuwa? Mai karatu daga Mabera, Sakkwato.

Amsa: Ɗan'uwa, kada ku yi gaggawar biya. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa ma'aikata da kansa, ba sai ya faɗi dalili ba, su kuma su amsa cikin kwana 7. Kuɗin kwafe takardu kawai doka ta yarda su karɓa. Wanda bai iya rubutu ba ma, wani na iya nema a madadinsa.

Ni dai ban ga laifi ba in kun biya masa kuɗin mota da na buga takarda, shi ma yana da iyali. Amma yanka wa talakawan da ke sayen ruwa a jarka farashi, wannan yana min ciwo. Ku ce ya lissafo muku abin da zai kashe ɗaya bayan ɗaya. In ma'aikatar ta ƙi amsawa, kuna da kwana 30 ku je kotu, a nan ne kuɗin lauya zai taso.