Kifina na Ruwan Gishiri Ya Ƙi Cin Abinci: Tambayoyinku da Amsoshinmu

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi kifin teku mai dogon baki da ratsin ruwan lemo, mai shago ya ce sunansa Copperband. Yau kwanansa 6 a tankina mai lita 300, tare da kifaye huɗu da suka riga shi zuwa. In na zuba ƙwayoyin abinci sauran su wawashe, shi kuwa ko kallo ba su ishe shi ba, sai dai ya yi ta tsattsagar duwatsu. Ina mafita?
Mai karatu daga Abuja

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Tsattsagar duwatsun nan alama ce mai kyau: yana jin yunwa kuma yana nema, bai dai san abin da kake zubawa abinci ba ne. Wannan kifi, Chelmon rostratus, daga tekun yankin Indonesiya da Filifin da arewacin Ostareliya yake, kuma yawancin na kasuwa kamo su aka yi. Da dogon bakin nan yake zaƙulo tsutsotsi daga ramukan murjani. Tun da yake bai taɓa ganin abinci ya faɗo daga sama ba.

Kafin ka taɓa batun abinci, auna ruwa. Amoniya da naitirait, wato gubar da ke fitowa daga kashin kifi, su zama sifili, nauyin gishiri tsakanin 1.024 da 1.026, zafi digiri 24 zuwa 26. In zafi ya haura 28 iskar da ke cikin ruwa takan ragu, cin kifi ya ja baya. Sannan ka koma nesa da tankin ka zauna minti 15, ka ga ko akwai mai korarsa. Kifin da ake kora ba ya ci. In akwai, raba tankin da raga, ko ka mayar da shi ƙaramin tanki mai lita 60 zuwa 80 da matatar da ta riga ta daɗe tana aiki, ka jefa masa guntayen bututun roba ya samu maɓoya, ka rage haske.

Yanzu sai dabarar. Nemi kumbar teku ɗanya, irin mai ɓawo biyu, ka sa ta a firiza kwana biyu, ka narkar, ka buɗe ta, ka ɗan tsattsaga naman da wuƙa, ka ajiye a ƙasa kusa da dutsen da ya fi tsattsaga. Kashe famfo minti 10. Wanda ya ƙi komai ma sau da yawa kumba ce ke buɗe masa baki, don cirar nama daga jikin abu mai tauri shi ne cin da ya sani. Kada ta wuce awa ɗaya zuwa biyu a ciki, za ta ɓata ruwa. In ana samun baƙar tsutsar ruwa mai rai, ita ma tana aiki, amma ta ruwan daɗi ce, tana mutuwa nan da nan a ruwan gishiri, don haka ka riƙa sakinta biyu-biyu a gabansa.

Da ya ci kumba kwana uku a jere, kada ka yar da ɓawon, ya zama kwanonsa. Cusa daskararren jatan landen maisis a cikin naman, kashi ɗaya cikin huɗu. Bayan kwana uku ka kai rabi, sannan kashi uku, har ɓawon ya koma maisis zalla. Ƙwayoyi su ne na ƙarshe: niƙa su, ka kwaɓa da naman kumba ya yi kauri kamar tuwo, ka shafa a ɓawon. In ya juya baya a wani mataki, koma na baya ka ƙara masa kwana biyu. Sau uku a rana, kaɗan-kaɗan, a wuri ɗaya, a lokaci ɗaya.

Don kada sauran kifayen su riƙa yi masa ƙwace, samo guntun bututun roba mai tsawon santimita 10, ka huda shi da ramuka masu faɗin milimita 4 zuwa 5, ka zuba abincin ka toshe bakin biyu. Dogon baki kaɗai ke shiga.

Akwai masu cewa a bar shi da yunwa, in ta ci shi zai ci. Wannan na iya yi wa kifin da ke haɗiye babban abu ya kwana biyu, amma Copperband siriri ne, ba shi da ajiya a jiki. Dube shi ta gaba: in naman bayan kansa, sama da ido, ya lotsa kamar an matse da yatsu, ramar ta yi nisa. In kuma kashinsa fari ne mai tsawo kamar zare, a yi zargin tsutsar ciki, maganin da aka saba shi ne firazikwantal ko metronidazol, a tanki na daban. Maganin da ke da sinadarin jan-ƙarfe shi ma yana kashe sha'awar ci. Sannan har yanzu a wasu wurare ana kama kifin ado da gubar sayanaid, irin wannan yakan yi kyau a ido, ya ƙi ci, ya mutu bayan makonni. Shi ya sa nan gaba kada ka biya kuɗi sai mai shago ya ba shi abinci a gabanka ka ga ya haɗiye.

Tambaya: Ina da ɗan kifin nan mai zane kamar atamfa, Mandarin. Tankina wata biyu da kafawa. Kullum yana yawo a kan dutse yana tsinta, amma cikinsa sai shafewa yake.
Mai karatu daga Kano

Amsa: Hajiya, tsintar banza yake yi, tankin ne babu komai. Abincinsa ƙananan halittun ruwa ne da ake kira kofefod, waɗanda da ƙyar ido ke gani, kuma yini yake yana cinsu ɗaya-ɗaya. Tanki ba ya tara su da yawa sai ya yi kamar wata shida zuwa shekara da isassun duwatsu masu rai, wato duwatsun teku masu ɗauke da ƙananan halittu. Haska tocila a jikin gilashi da dare: in ba ki ga fararen ɗigo suna motsi ba, to ya cinye.

Abu na gaggawa shi ne ƙyanƙyasar ƙwan atemiya, wani mitsitsin jatan lande na ruwan gishiri. Lita ɗaya ta ruwa, gishirin teku giram 25 zuwa 30, rabin ƙaramin cokali na ƙwan, da tiyon iska yana ɓulɓula. A zafin digiri 26 zuwa 28 suna fashewa cikin awa 24. Ki tace ki ba shi a ranar, don da sun kwana amfaninsu ya ragu.

Koyarwar kuma a ƙaramar kwalba ake yi. Kwantar da ita a kan yashi, bakinta daidai shigarsa. Da sirinji marar allura da siririn tiyo ki tura masu ran ciki, famfo a kashe. Idan ya saba shiga, ki fara haɗawa da daskararren saikulof (wani irin kofefod) ko yankakken maisis, daga baya ƙwayoyin da ba su wuce rabin milimita zuwa ɗaya ba, masu nutsewa. Yakan ɗauki makonni, wani ma ba ya karɓa sam. Ko ya karɓa, ƙari ne a kan kofefod. Wanda aka haifa a gonar kifi, irin na kamfanin ORA a Amurka ko na Biota a Palau, shi ya fi saurin karɓar ƙwayoyi don da su ya tashi.

Tambaya: Gaskiya ne tafarnuwa na sa kifi ci? Kuma in an ɗauke wuta abincin firiza ya narke, zan iya mayarwa?
Mai karatu daga Kaduna

Amsa: Masu kiwo da yawa suna jiƙa abinci da ɗigo ɗaya ko biyu na ruwan tafarnuwa, wasu kifayen kuma warin na jawo su. Gwada na mako guda ba laifi, amma kada ta zama ta kullum, ba cimar teku ba ce, kuma ba ta maye gurbin magani.

Abincin da ya narke har ya yi ɗumi ko ya canja wari, zubar da shi. Ajiye naka a can ƙuryar firiza tsakanin robobin ƙanƙara, ka riƙa ɓallo na ci ɗaya kawai, ka narkar a ɗan ruwan tankin minti biyar, ka tace, ka zubar da ruwan.