Sabuwar Hilux ma ana taya ta

Tambayoyin wannan mako duk a kan mota mai buɗaɗɗen baya suka taru, wadda muke kira a-kori-kura. Na zaɓi uku.

Tambaya ta farko daga wani bafatake ne: "Malam, gero da wake nake ɗaukowa daga Tanut da Belbeji zuwa kasuwar Dole. Shekara tara ina fama da tsohuwar mota, bana Allah ya hore, ina son sabuwar Hilux fil. A kasuwar bisashe ba mai cuta ta, amma ban taɓa shiga gidan sayar da sababbin motoci ba. An ce can magana ɗaya ce, ba a ragi. Haka ne?"

Alhaji, Allah ya sanya alheri. Ba haka ba ne. Wanda ya iya taya sa ya iya taya mota, gilashi da sanyin ofis ne kawai ke sa mutum ya ji nauyin buɗe baki. Sai dai ka san inda za ka. Wakilin Toyota, masu ƙera Hilux, a nan Nijar kamfanin CFAO ne, a Yamai, wajen kilomita 900 daga Damagaram. Mutumin da ya yi wannan tafiya da kuɗi a jaka, ya kwana biyu a masauki, mai sayarwa ya san da wuya ya koma hannu rabbana. Saboda haka daga gida ake fara ciniki.

Ka kira su, ka ce a turo maka takardar farashi ta WhatsApp, wadda ƴan ofis ke kira furoforma. Ta faɗi irin injin, mai gazuwal ne ko mai esans, kabin guda ko biyu, kat-kat ce ko ƙafafun baya kaɗai ke ja, shekarar ƙira, da ranar da za a miƙa maka makulli. Sannan ka sa ido kan baƙaƙen da ke gefen kuɗin. In ka ga HT, ba a sa haraji ba. In ka ga TTC, an sa. Harajin da ake ɗorawa kan kayan sayarwa, TVA, a Nijar kashi 19 cikin 100 ne, wato in an ce maka sefa miliyon 20 ba haraji, akwai miliyon 3 da jika 800 da ke laɓe a baya. Mutane da yawa a nan suke yin murnar araha, sai a wajen biya murna ta koma ciki.

Kuɗin da za ka yi ciniki a kansa shi ne wanda motar za ta ci har ta tsaya ƙofar gidanka da takardunta: kart giriz (takardar mallakar mota), lamba, asirans, binyet (harajin mota na shekara), da man da zai kawo ta, da direba in ba kai za ka tuƙo ba. Ka ce a jera maka su a takarda guda. Duk ragin da aka yi maka a sama aka maido shi a ƙasa da sunan kuɗin takardu, ba ragi ba ne.

Kada ka je da takarda ɗaya. Ka nemi farashin Mitsubishi L200 ko Isuzu D-Max daga wani gida daban, ka riƙe a hannu. Amma in faɗa maka gaskiya, shi ma mai sayarwa ya san kayan gyaran Toyota sun fi samuwa a garejojin Zinder, kuma ya san Hilux ba ta faɗuwa a kasuwa in an zo sayarwa. Don haka kada ka yi barazanar da ba za ka iya cikawa ba. Ka ajiye takardar a kan tebur, ka ce bambancin ya yi yawa, ka yi shiru. In ya tambaye ka nawa ka tanada, ka ce motar ka zo gani tukuna. Da zarar ka faɗi abin da ke aljihunka, can farashi zai je ya tsaya.

Ragin sabuwar mota ba irin na kasuwa ba ne, inda ake sa suna jika 100 a sallama a 60. Kaɗan ne. To amma kashi 2 cikin 100 na miliyon 20 jika 400 ne, ai ba kuɗin zubarwa ba ne. Inda ya ce albarka ya kafe, sai ka koma neman gyara, kamar yadda mai awo ke ƙara maka hannu guda bayan an cika tiya. Juyen mai na farko da na biyu kyauta, shimfiɗar roba a bayan motar don kada buhu da ƙarfe su ci fenti, ƙarfen ɗaure kaya, tampol, taya ta biyu ta ko-ta-kwana, ko su ɗauki nauyin kart giriz. Irin waɗannan sun fi saukin fita daga hannunsu a kan rage kuɗi, domin su a farashin sari suke samun su. Duk abin da aka yi alkawari a rubuta shi a faktir. Alkawarin baki ba ya bin mota har Zinder.

Ka kuma tambayi wadda ta daɗe a ajiye. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu na ƙarshe da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta: 1223 na nufin mako na 12 na 2023. Motar da ta shekara a fili tana shan rana, sabuwa ce, amma mai ita ya ƙosa ta tafi, kuma kana da hujjar neman ragi ko sabon batir. In kuna da abokan fatauci biyu ko uku masu niyya irin taka, ku shiga tare. Mai sayen uku ba a yi masa maganar mai sayen ɗaya.

Wani abu da ba ka tambaya ba. Kai mai buhu ne, me za ka yi da kabin biyu da kujerun fata? Mai kabin guda bayanta ya fi tsawo, kuɗinta ya fi sauƙi. Kuma ka tuna nauyin da aka ƙera ta ta ɗauka bai wuce wajen tan guda ba, buhu goma ke nan na kilo 100. Na san abin da ake lodawa a hanyar Tanut, amma in ta karye da lodi fiye da ƙima, garanti ba ruwansa.

Ta biyu daga wani matashi ɗan kwangila a unguwar Zango: "Wani dillali ya ce zai kawo mini sabuwa daga Dubai, ƙasa da farashin Yamai nesa ba kusa ba, amma in ba shi rabin kuɗi yanzu. Wani kuma ya ce in tsallaka Kano kawai."

Ƙanena, ana kawo sababbin motoci daga Dubai, wannan ba ƙarya ba ne, kuma akwai dillalai masu amana. Tambayar da za ka yi masa guda ce: wannan farashin, a ina motar take tsaye? A Dubai, ko a tashar jirgin ruwa ta Lome, ko a Zinder bayan an biya duwan? Tsakanin ukun akwai miliyoyi. Tun da aka rufe iyakar Benin bayan juyin mulkin Yulin 2023, kaya da yawa suka koma bi ta Lome da Burkina Faso, hanyar ta ƙara tsawo, jira ya ƙaru, kuɗin ajiya ma haka. In bai rubuta cewa duk wannan a wuyansa yake ba, to a wuyanka yake.

Rabin kuɗi ya yi yawa. Ka ba da kafin alƙalami daidai wanda in ya maƙale ba zai durƙusar da kai ba, a rubuce, gaban shaidu ko gaban notar, da ranar isowa, da abin da zai faru in ranar ta wuce. Ya ba ka lambar shasi tun yanzu, baƙaƙe da lambobi 17 ne, in motar ta iso ka gwada da wadda ke jikinta da ta takardar duwan. Ka tabbatar sitiyarinta a hagu yake. La'adarsa kuma a yanke ta tun farko, a san wa zai biya, domin dillalin da ke ci ta gaba da ta baya ba naka ba ne. Kafin ka sa hannu, ka tambayi wakilin Yamai ko zai karɓi garantin motar da ba ta hannunsa ta shigo ba. Amsarsa ita ma kuɗi ce, ka sa ta a lissafi.

Kano kusa ce, kuma in canjin naira ya yi maka daɗi za ka ga kamar an ba ka kyauta. Sai dai duwan da aka biya wa Najeriya ba ya sauke maka na Nijar. Ka je ofishin duwan nan Zinder ka ji abin da za su caje ka kafin ka canza sefa ko ɗaya.

Ta uku daga wata Hajiya mai sana'ar man gyaɗa a Mirya: "Ɗana da ke Amurka ya ce in jira ƙarshen wata, lokacin ake samun ragi. Banki kuma ya ce zai saya mini in riƙa biya wata-wata. Ina da tsohuwar mota da nake son a karɓa a rage mini."

Hajiya, yaron ya faɗi gaskiyar inda yake. A Amurka gari guda sai ka samu gidaje da yawa suna sayar da mota iri ɗaya, kowa na neman cika adadinsa kafin wata ya mutu. Nan ba su da wannan yawan. Ki gwada, ba ya cin kuɗi, amma kada ki dogara da shi.

Abubuwa uku kika haɗa, ki raba su. A fara gama farashin sabuwar kamar kuɗi hannu za ki biya. Tsohuwar ki sa a taya miki ita a nan Zinder, ki san darajarta kafin wani ya sa mata suna. Na banki kuma kada kuɗin wata ya ruɗe ki, ki ninka shi da yawan watanni: jika 450 sau 60 miliyon 27 ne, ban da kuɗin buɗe takarda da asirans da za su ɗora. In ta hanyar murabaha ce, irin ta bankin Musulunci, bankin ne zai sayi motar ya sayar miki da ribar da kuka yanke, don haka duk ragin da za ki nema sai ki same shi a furoforma kafin ki kai musu ita. Ki kuma tambaye su, in kasuwar mai ta yi kyau kika so biyan sauran gaba ɗaya, nawa za su sauke miki.