Sinki da Kwamin Wanka na Ƙarfen Zubi: Sun Dace da Gidan Sakkwato?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina gini a Mabera, bene ne hawa ɗaya. An nuna mini sinkin kicin da kwamin wanka na hannu, an ce ƙarfen zubi ne, ba sa lalacewa. In saya? Kwamin a sama nake son sa shi.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ƙarfen kam zai iya kai wa jikokinka. Amma abin da za ka biya kuɗi dominsa shi ne farin rufin da ke samansa. Gilashi ne aka narka a jikin ƙarfen da wuta mai tsananin zafi, irin na jikin langa, sai dai ya fi kauri. Muddin rufin nan na lafiya, ruwa ba ya taɓa ƙarfen. Ranar da ya ɓantare, tsatsa ta samu ƙofa, ta riƙa cin ƙarfen ta ƙarƙashi tana ɗaga gefen rufin.

Fara tabbatar da cewa na zubin ne. Maganaɗisu zai kama na zubi, zai kuma kama na farantin ƙarfe, don haka na roba kaɗai zai tona maka. Ƙwanƙwasa shi da bayan yatsa: na faranti yana ƙara kamar garwa, na zubi kuwa amonsa a dushe yake. Leƙa ƙarƙashinsa, za ka ga jikin da kaushi kamar an barbaɗa yashi. Daga nan ka fito da shi rana, ka jiƙa tsumma ka goge, ka duba bakin ramin fitar ruwa da kewayen ramin famfo, don nan tsatsa ke farawa. In ka shafa ƙasan ka ji shi garas-garas babu santsi, an riga an cinye rufin da asid ko soson waya, kuma ba ya dawowa. In ka ga tsaga a ƙarfen kansa, bar musu kayansu. Ƙarfen zubi yana da kabon kashi 2 zuwa 4 cikin ɗari, shi ya sa ba ya lanƙwasa, sai dai ya fashe, kuma walda ta yau da kullum ba ta riƙe shi yadda ya kamata.

Sai batun nauyi, wanda ya fi damuna tunda ka ce bene. Kwami irin wannan yakan haura kilo 100, wani har 150. Ƙara lita 150 na ruwa, wato kilo 150, ga kuma mai wanka. Ka tasar wa kilo 350 ko fiye a ɗan wuri guda. Nuna wa injiniyan gininka tun yanzu, a ajiye shi jikin bango ko kan bim. Ka tanadi ƙarti huɗu na hawa da shi, a kuma auna faɗin ƙofa kafin a kafa firam. Sinkin ma yakan kai kilo 40 zuwa 60, kada a rataya shi a jikin katako. Birkila ya gina masa ƙafafun bulo biyu ya zauna a kai, a bi gefen da silikon. Ka sayi famfon da ya dace da ramukan da ke jiki, don huda sabon rami na fasa rufin. Mai aikin famfo kuma kada ya ɗaure notin magudana da ƙarfin tsiya.

Yawancin ɓarna a lokacin gini take faruwa. Da an girka shi a lulluɓe da kwali da tsohon bargo, a kuma ja kunnen mai tayil: asid ɗin da yake wanke siminti da shi kada ɗigo ɗaya ya sauka a ciki.

Ruwan burtsatse a unguwanni da dama na Sakkwato yana barin farin tabo a jikin sinki da kwami, don ƙasar tana da dutsen farar ƙasa, irin wanda ake yin siminti da shi a Kalambaina. Maganinsa lemun tsami ko ruwan kal a gauraya da ruwa rabi da rabi, a shafa, minti 5, a ɗauraye sosai. Kada a bar shi ya kwana. A gaya wa masu wanke-wanke cewa toka da yashi na gindin tukunya ne. Nan sabulun ruwa da soso mai laushi kawai. Da hunturu a fara watsa ruwa kafin a goge, don ƙurar da ta kwanta tana karce shi in an shafa a bushe. A lokacin kuma kwamin yakan yi sanyi ƙarara ya shanye zafin ruwan wanka, sai a fara ɗumama shi da bokitin ruwa mai ɗumi, kada a sheƙa tafasasshe kai tsaye.

In tukunya ta faɗa ta ɓantare wuri, kada a jira. A goge tsatsar da samfefa mai laushi har ƙarfe ya yi haske, a share da sifirit, a bari ya bushe, a cike da farin efoksi, wato gam mai ƙarfi mai haɗi biyu, shafi siriri sau biyu, sannan a hana ruwa taɓa shi awa 24.