Makin da ake komawa a gyara: amsa ga ƙanena malamin lissafi

Ƙanena, sau biyu na saurari saƙon muryar da ka aiko kafin na zauna in ba ka amsa, don daga jin muryarka na san abin ya tsaya maka a rai. Ka ce ka ji 'yarka ta wajena tana gaya wa Inna a waya cewa ta ci 58 a gwajin lissafi, ta koma ta gyara, malamarsu ta mayar da shi 79. Sai ka ce, Yaya, wannan ba maguɗi ba ne aka sa wa riga? Kuma ku Hausawan da ke can Amurka kun zuba ido ana yi wa 'ya'yanku haka?

Tambayar da ka yi, ni ma ita na yi, kuma har makarantar na taka na yi ta. Ranar da yarinyar nan ta nuna mini takarda ɗaya da maki biyu a kai, an soke na farko an rubuta wani a gefe, gabana faɗuwa ya yi. Na ɗauka roƙon maki ta je ta yi. Ka san gidan da muka tashi: Baba ya gwammace ka zo na ƙarshe da guminka da ka zo na ɗaya da taimakon wani. Washegari na ajiye aiki na tafi.

Malamar ba ta yi mini doguwar magana ba. Wata takarda ta jawo daga aljihun teburinta ta miƙo mini, da rubutun yarinyar a kai. An raba shafin gida uku. A gida na farko ta kwafe tambayar da ta faɗi da amsarta ta kuskure. A na biyu ta rubuta da kalmominta inda ta ɓata hanya. A wata tambaya ta rubuta cewa ta raba gefe biyu da lamba mai alamar ragi amma ta manta ta juya alamar fifiko. A na uku ta sake aikin daga tushe. Bayan haka ta zo lokacin hutun cin abincin rana, aka ba ta wasu tambayoyi sababbi masu kama da waɗancan, ta yi su a gaban malamar ba littafi, ba waya. Sai da aka gama duk wannan aka mayar mata da rabin abin da ta rasa. Maki 42 ta zubar, aka dawo mata da 21. Ka ga inda 79 ta fito. Yaron da ya ci 95 tun karon farko yana nan a gabanta, ba wanda ya taɓa masa haƙƙinsa.

Kada ka ɗauka doka ce ta ƙasa baki ɗaya. A Amurka harkar makaranta tana hannun jihohi da gundumomi, wani lokaci ma tana hannun malamin aji. A makaranta ɗaya sai ka samu wannan malami yana ba da damar gyara, na ajin da ke kusa da shi ya ce makin da ka ci shi ne naka. Wani rabi yake mayarwa, wani ya ɗauki maki mafi girma cikin biyun, wani ya ce ko ka ci duka ba za ka wuce 80 ba. A darasin rubutun insha'i kuwa abin ya zama jiki: ka kawo rubutun farko, a cika maka gefen takarda da gyara, ka sake kawowa. Masu wannan ra'ayi sukan jingina shi da wani masanin ilimi na Jami'ar Chicago, Benjamin Bloom, wanda tun 1968 ya kafa hujja cewa mafi yawan ɗalibai za su iya ƙware darasi in an ba su isasshen lokaci, aka nuna musu kuskurensu, aka sake gwada su.

Mu nan unguwar Bronx ta birnin New York ba bakinmu ɗaya ba a kan maganar. Jama'armu haɗin gambiza ce: akwai mu 'yan Najeriya, akwai Hausawan zangon Kumasi da na Nima ta Accra, akwai mutanen Maraɗi da Damagaram. Wata ranar Lahadi bayan la'asar, muna zaune a masallaci muna jiran a tashi yara daga Islamiyya, aka yi ta kai ruwa rana a kanta. Wani bawan Allah ɗan Maraɗi, wanda ya yi karatu a tsarin Faransa inda ake auna yaro da maki 20, wanda bai kai matsakaicin 10 ba yana iya maimaita aji, ya ce shi bai yarda ba ko kaɗan. Ya ce duniya ba ta ba mutum takarda ta biyu, yaron da ya saba da ita zai sha mamaki ranar da ya kama aiki.

Malamin da ke karantar da yaranmu Alƙur'ani, dattijo ne da ya yi almajiranci tun yana ƙarami, yana jin mu bai tanka ba sai da muka lafa. Sannan ya tambaye mu, a cikinmu wa aka taɓa yi wa ƙari bai riƙe karatun jiya ba? Kowa ya yi shiru. Ai ni da kai mun sani. Ka biya, ka yi ɓata, malam ya gyara maka ya ce koma. Ka koma gindin bango ka yi ta nanatawa, ka dawo. Allon nan ba za ka wanke shi ba sai karatun ya zauna, ko da kwana uku zai kai. Gardi ma da ya rubuta satunsa, sai ya kai darasu an bi shi harafi bayan harafi, an gyara wasali da ɗigo. Ba a taɓa jin alaramma ya ce wa almajiri, ranar Talata ka yi ɓata bakwai, don haka ko ka haddace surar daga baya bakwai ɗin nan na kanka har abada. Abin da ake tambaya guda ne: ya riƙe ko bai riƙe ba? A wajena maganar nan ce ta warware mini abin, fiye da duk bayanin da na ji a makarantar boko.

Amma ɗan Maraɗin nan bai yi ƙarya ba, kuma a cikin gidana na ga gaskiyarsa. Ɗanka, mai bi wa yarinyar, da ya gane akwai karo na biyu sai ya daina shiri wa na farko. Ya shiga gwaji ya leƙa irin tambayoyin, ya fito ya ce zai gyara. Ayyukan gyara suka taru masa a ƙarshen zango, ga sabon darasi yana tafiya ba ya jiran kowa. Ni da mahaifiyarsa muka kafa masa sharaɗi: ba zai nemi gyara ba sai ya nuna mana aikin gidan da ya yi kafin gwajin, kuma makon da yake gyara ba ƙwallo. Iyaye da dama a cikinmu irin wannan suke yi. Mun karɓi damar, amma mun ƙi ta zama gadon kwanciya.

Ka kuma duba, ku ma a gida ba baƙon abu ba ne kamar yadda kake gani. Yaro ya samu F9 a lissafin WAEC, ya zauna NECO ko jarrabawar 'yan waje ta ƙarshen shekara, ya haɗa sakamakon zama biyu ya cika kiredit biyar, jami'o'i da yawa su karɓe shi. Ɗan jami'a ya faɗi kwas ya ɗauko shi ya sake. A nan jihar New York jarrabawar Regents, wadda ake yi don kammala sakandare, sau uku ake yin ta a shekara, Janairu da Yuni da Agusta, wanda bai kai 65 ba ya sake zama. SAT ma da ake nema don shiga jami'a ana maimaita ta. Abin da ya bambanta shi ne lokaci. A gida sai yaro ya faɗi babbar jarrabawa, an kashe kuɗin rajista, shekara ta tafi, sannan a ba shi dama ta biyu. Ita kuwa malamar nan a makon da aka yi kuskuren ta ba da ita, tun abin yana ɗanye. Ka tuna gyaran da muke kwafa daga allo bayan an raba mana littattafanmu da jan biro? Muna kwafa ne hannu na tafiya hankali na waje, don mun san ba abin da zai ƙara mana.

Inda ba zan yi maka rufa-rufa ba shi ne yawan yara. Malamar 'yarka ba ta kai ɗalibai 30 a aji ba, kuma a 2022 jihar ta yi dokar da za ta rage ajin babbar sakandare a birnin nan zuwa 25 sannu a hankali. Kai ka ce mini ajinka ɗaya ya haura 80, kuma aji huɗu kake shiga. Duba takarda sau ɗaya ma aiki ne ja, balle sau biyu. Ga kuma abin da na san kana tsoro ko da ba ka faɗa ba: da zarar an ji maki yana canzawa, wani uba zai biyo ka gida da magiya, wani kuma ya zarge ka da son kai.

Duk da haka da ni ne kai, da na gwada a gwaji ɗaya tak cikin gwaje-gwajen aji na C.A. na zangon nan. Ka sanar da sharaɗin a gaban aji tun kafin a yi gwajin, ka kuma sanar da shugaban makaranta, don kada a ce a ɓoye aka yi. Waɗanda suka kasa rabi kaɗai za su gyara, a cikin mako guda, kowa ya rubuta dalilin kuskurensa da hannunsa, sannan ka ba su tambaya uku sababbi a gabanka. Makin farko ya zauna a rajista kusa da na biyu, kowa ya gani. Zan sa yarinyar ta ɗauki hoton takardar nan mai gida uku ta turo maka ta WhatsApp daren nan, ka ga yadda aka tsara ta. In ka gwada, ka gaya mini yara nawa suka dawo. Ka gaida Inna, ka ce mata jikarta ba roƙon maki ta yi ba.