An karɓe mini lasisi a hanyar Kubwa: ina zan biya tara, kuma ta yaya zan samo takardar kotu?

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Ni direba ne, ina zaune a Kubwa. Makon jiya jami'an kiyaye haɗurra suka tsayar da ni a babbar hanyar shiga gari ina amsa waya, suka karɓe lasisina suka rubuta mini takarda. Wani mutum da ke tsaye a wurin ya ce in tura masa kuɗin, zai biya mini ya karɓo lasisin. Ban dai tura ba tukuna. Sannan bara kotun tafi-da-gidanka ta ci ni tara a wajejen Nyanya, na biya, amma rasit ɗin ya ɓata. Yanzu wani kamfani zai ɗauke ni aikin tuƙi, sun ce sai na kawo shaidar cewa an rufe waccan magana. Ko akwai inda zan duba ta waya?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Ka kyauta wa kanka da ba ka tura kuɗin nan ba, kuma kada ka tura. Matsala biyu ka kawo, kuma hanyarsu daban ce. Ta makon jiya ba ta kai gaban alƙali ba, tana hannun Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC. Ta bara kuwa shari'a ce da majistare ya yanke, saboda haka takardunta suna kotu.

Ɗauko takardar da suka rubuta maka ka dube ta da kyau. Za ka ga lambar takardar a sama, da sunanka, da lambar motar, da laifin da aka yi wa alama, da abin da suka riƙe, wato lasisinka, da kuma ofishin da jami'an suka fito. Kafin komai ka ɗauke ta hoto da wayarka, gaba da baya, domin takarda ce siririya, kwana biyu a aljihu da gumi sai rubutun ya dushe. Ma'anar takardar ita ce an ba ka zaɓi: ko ka amsa laifin ka biya tarar da doka ta yanka magana ta ƙare, ko ka ƙi amsawa a kai ka gaban kotu. Dokar da ta kafa hukumar, ta shekarar 2007, da ƙa'idojin hanya na 2012 su ne tushen wannan.

A jadawalin da hukumar ta daɗe tana aiki da shi, amsa waya ana tuƙi Naira 4,000 ne, rashin ɗaura bel 2,000, gudu fiye da ƙa'ida 3,000, lodi ya wuce kima 10,000, tuƙi babu lasisi 10,000, tuƙin ganganci kuma 50,000. Abin da aka rubuta a takardarka da abin da ya fito a shafin biya, shi za ka biya, ba abin da wani ya faɗa maka da baki ba. Ka kuma sani cewa yunƙurin bai wa jami'i na goro shi kansa laifi ne mai tara a cikin jadawalin nan.

Kuɗin tara na gwamnatin tarayya ne. Tun 2015 da aka tilasta wa hukumomi bin asusun bai-ɗaya, TSA, babu jami'in da ke da hurumin karɓar tara a hannu ko ta asusunsa, balle wani ɗan cuku-cuku da ke raɓe a gefen titi. Ana biya ne ta Remita, wato dandalin biyan kuɗi na intanet. Ka shiga shafinsu, ka zaɓi biyan hukumar gwamnatin tarayya, ka nemo sunan FRSC, ka zaɓi tarar laifin hanya, ka cika sunanka kamar yadda yake a lasisi, da lambar wayarka, da lambar takardar. Shafin zai fitar maka da lamba mai alƙaluma 12 da ake kira RRR. Da ita za ka biya, ko da katinka, ko ta manhajar bankinka, ko ka shiga banki ka miƙa wa mai karɓar kuɗi. Akwai ɗan cajin hidima da ake ɗorawa a kai, kada ya ba ka mamaki. In ba ka saba da intanet ba, masu shagon kwamfuta da ke kusa da ofisoshin hukumar suna yi wa mutane, babu laifi, amma ka tsaya a kansu ka ga da idonka cewa sunan wanda za a biya hukumar ce, kuma sunan mai biya naka ne.

Ina matsa wa mutane a kan lambar RRR ɗin nan domin ita ce shaidar da ba ta ɓacewa. Takarda na iya jiƙewa, waya na iya faɗuwa, amma muddin kana da lambar, za ka iya komawa shafin Remita ka duba ko kuɗin ya shiga, ka sake buga rasit ko bayan shekara nawa. Ka rubuta ta a littafin da kake ajiyewa a gida, ka kuma tura wa wani naka ta saƙon waya. Wanda ya tura kuɗi asusun mutum ba shi da komai sai saƙon banki da ke nuna ya yi wa wani kyauta, laifin kuwa yana nan a rubuce a kan lambar lasisinsa yana jiransa ranar da zai je sabuntawa.

Bayan ka biya, ka kai rasit da takardar laifin ofishin da aka rubuta a jikinta. Kada ka nufi hedikwatar hukumar da ke Wuse Zone 3, lasisinka ba ya can, yana ofishin da jami'an suka fito. Za su tantance biyan, yawanci su zaunar da kai a ɗan darasin wayar da kai tare da sauran waɗanda aka kama, sannan su miƙo maka lasisin ka sa hannu. Tun 2017 hukumar ta shigo da tura masu wasu laifuffuka gwajin natsuwar ƙwaƙwalwa a asibiti, kuma amsa waya na cikinsu, don haka in aka ce maka haka, kada ka ɗauka cin fuska ne aka ƙirƙira dominka. Ka dai nemi a ba ka umarnin a rubuce. Da mota suka riƙe, da na ce ka hanzarta fiye da haka, domin akwai kuɗin ajiya na kowace rana, kuma motar da ta yi wata shida ba a karɓa ba, doka ta ba hukumar damar neman kotu ta mallaka mata ita. Ko yanzu ma kada ka ja lokaci, domin direba ba lasisi a hannu, in wasu suka sake tsayar da shi, bayani ne mai tsawo.

Tunda ka ce da bakinka kana amsa wayar, shawarata ka biya. Kuma ka dube ta da idon basira: kowane laifi yana da makin da ake rubuta wa direba, na waya maki 4 ne, in suka taru sukan kai ga gargaɗi, har dakatar da lasisi. Kai da za ka ci abinci da sitiyari, wannan ya fi dubu huɗun nauyi. Hanyar Kubwa da safe kowa ya san irin gudun da ake yi a kanta, daƙiƙa biyun da ido ya sauka kan waya sun isa a yi asarar rai.

Sai maganar bara. Amsar a taƙaice ita ce waya ba za ta fitar maka da wannan takarda ba, sai ka taka da ƙafarka zuwa rajistarar kotu. Kotun tafi-da-gidanka ba wata kotu ce ta daban ba. Majistare ne na gaske aka ɗauko daga kotunsa aka kafa masa rumfa da tebur a bakin titi, shi da magatakardansa, in an tashi sai su koma da littafin shari'a kotunsu. Aikinka shi ne gano wace kotu ce.

A nan ne mutane da yawa ke shan wahalar banza, kuma kalmar da ka yi amfani da ita, "wajejen Nyanya", ita ce ta sa na tsaya. Nyanya tana cikin Babban Birnin Tarayya, amma da ka ɗan gota zuwa Mararaba ka shiga jihar Nasarawa. In a ɓangaren Abuja aka zauna, majistaren yana ƙarƙashin Babbar Kotun Birnin Tarayya ne. In a Mararaba ne, takardunka suna hannun ma'aikatar shari'a ta Nasarawa, ko ka shekara kana zagaya kotunan Wuse ba za a same su ba. Haka abin yake tsakanin Zuba da Madalla, ɗaya Abuja ɗaya jihar Neja. Ka zauna ka tuna daidai inda rumfar take, da watan, da ranar in zai yiwu. Saƙon banki na ranar da ka cire kuɗi ko ka biya zai taimaka maka da kwanan wata.

Daga nan ka fara da ofishin hukumar da ya yi kamen ranar. Su ne suka gabatar da ƙara, kuma suna ajiye jerin sunayen waɗanda aka gurfanar, da kwanan wata, da majistaren da ya zauna. Da wannan bayani sai ka je kotun, ka rubuta wa rajistara takardar neman kwafin hukunci mai hatimin kotu, wanda lauyoyi ke kira CTC. Ka sa cikakken sunanka kamar yadda ka bayar a ranar, da lambar motar, da laifin, da kwanan wata, da lambar shari'a in ka samo ta. Za a yanka maka kuɗin kwafi, ka biya ka karɓi rasit. Kwafin da za a ba ka dole ya zo da hatimi, da kwanan wata, da suna da muƙamin jami'in da ya sa hannu, kamar yadda sashe na 104 na Dokar Shaida ta 2011 ya tanada. Hoton takarda kawai ba tare da waɗannan ba, kamfani mai hankali ba zai karɓa ba.

Ba alfarma kake roƙo ba. Sashe na 36(7) na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya wajabta wa kotu ajiye bayanin duk shari'ar laifi, ya kuma ba wanda aka yi wa shari'a haƙƙin samun kwafin hukuncin cikin kwana bakwai da kammalawa. Wucewar shekara ba ta soke wannan haƙƙi ba. Ka je da ladabi da haƙuri, domin littattafan da hannu ake buɗe su shafi-shafi, amma ka riƙe kwafin takardar neman da ka shigar, a buga maka hatimin karɓa a jiki.

Hukuncin zai nuna tarar da aka ci ka, ba lalle ya nuna ka biya ba. Saboda haka a cikin takardar neman ka ƙara layi ɗaya, cewa kana son a tabbatar da biyan daga littafin kuɗi na kotun. In sun buƙaci takardar rantsuwa kan ɓacewar rasit, a harabar kotu ake yin ta gaban kwamishinan rantsuwa, ba ta da tsada. Ka kai wa kamfanin duka biyun, ka kuma faɗa musu gaskiyar abin da ya faru tun kafin su karanta, domin amsa laifi gaban majistare hukunci ne ko da tarar ƙarama ce.

Ƙari ɗaya, tunda a Abuja kake tuƙi. Kada ka haɗa wannan da maganar VIO, wato jami'an duba lafiyar motoci masu ofis a Mabushi. A ranar 2 ga Oktoba 2024, Mai Shari'a Nkeonye Maha ta Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke cewa ba su da ikon tsayar da mota, ko kama ta, ko cin tara, kuma Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar da hakan a Disamba 2025. Na ji direbobi a tasha suna cewa wai hukuncin ya shafi duk wani mai kaki a kan hanya. Ba haka ba ne. Bai taɓa ikon FRSC ba, bai kuma taɓa kotun tafi-da-gidanka ba, don haka takardar da ke hannunka tana nan daram. Ka biya ta cikin makon nan ka karɓo lasisinka, sannan ka ware safiya guda ta ranar aiki domin zuwa Nyanya, ka tafi da katin shaidarka da kwafin takardun motar da aka kama ka da ita.