Game da baƙon mai wa'azin da ya sauka ƙauyenku

Ɗan'uwa, ka tambayi yadda za ka gane ko wannan baƙo annabin gaskiya ne. Kada zaƙin baki ya ruɗe ka, domin a cikin Littafi Mai Tsarki, Maimaitawar Shari'a 18:22 ta nuna cewa idan abin da mutum ya faɗa da sunan Ubangiji bai cika ba, ba Ubangiji ne ya faɗa ba. Ni dai na fi duban hannunsa, wato ko yana karɓar abin mutane. A ƙasar Sumaila na ga wani yana sayar da kwalbar man addu'a a kan tiya uku na gero, har wata gwauruwa ta buɗe rumbunta saboda shi, alhali manzo Bitrus ya tsawata wa wani mai sihiri, Siman, da ya nemi sayen baiwar Allah da kuɗi. Ka sa dattawan ikilisiyarku su bincika wace majami'a ce ta turo shi.