Tambaya da Amsa: An gayyace ni mashayar ƙauye a Ingila, me zan ci?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin gona ne, zan je kwas na wata uku a Ingila. A cikin tsarin da aka aiko mini akwai wata Lahadi da za a kai mu cin abincin rana a ƙauye, wani wuri da suke kira pub, wai ya yi suna wajen "giyar gaske". Ni ba na sha. Wane irin wuri ne, kuma me zan ci? Mai karatu daga unguwar Zariya, Maraɗi.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Mashaya ce, babu ɓoye-ɓoye. Sai dai a ƙauyen Ingila ita ce fadar gari: tsohon gini mai gajeren rufi, murhun itace na ci lokacin sanyi, iyalai na cin abinci da rana. Hukuncin zama a wurin na malamai ne, ka tambaye su tun kana gida. Namu shi ne abin da ke cikin kofi da faranti.

Giyar da ake magana ta ganga ce. Da tsiron sha'ir ake yin ta, da yis, da wani fure mai ɗaci. Ba a tace ta, ba a ɗumama ta a kashe yis ɗin, don haka tana ci gaba da nuna a cikin ganga kamar burkutu a tulu. Gangar da aka fi amfani da ita lita 41 ce, tana ba da kofi 72, kowane kofi mililita 568. A ɗakin ƙarƙashin ƙasa ake ajiye ta, sanyin digiri 11 zuwa 13, a jawo ta da dogayen famfunan hannu da za ka gani jere a kan kanta. Da an huda ganga iska ta shiga, kwana uku ko huɗu ta fara tsami. Har ƙungiya gare ta, CAMRA, da aka kafa a 1971 don kada giyar manyan masana'antu ta kashe ta. Rashin sanyinta da ƙarancin kumfa kada su ruɗe ka. Barasar da ke cikinta takan kai kashi 3.5 zuwa 5 cikin ɗari.

Wannan kowa ya san ta, ba wanda zai miƙo maka da kuskure. Masu yaudara su ne masu sunan lemu. Abin da aka rubuta cider ba ruwan tuffa ba ne, giyar tuffa ce. Shandy rabi giya rabi lemu. Lemun citta yawancinsa babu barasa, amma na kamfanin Crabbie's akwai, sai ka duba kwalba. Ka tsaya a Coca-Cola, Appletiser, shayi, ko soda da lemun tsami. Ruwan famfo kuwa kyauta ne, doka ta wajabta wa mai sayar da barasa ya ba wanda ya nema.

A yawancin mashayun nan ba mai zuwa tebur ya tambaye ka. In ka zauna jira, za ka wuni. Ka duba lambar teburinka, ka je kanta, ka faɗi abin da kake so, ka biya nan take. Abin sha kuma adashe suke yi: wannan ya saya wa kowa, in kofuna sun kusa ƙarewa wancan ya tashi. In ka karɓi lemu a zagayen farko, ka shiga adashen ke nan, in zagaye ya zo kanka giyar mutane za ka biya. Tun farko ka ce na gode, ni zan sayi nawa. Ba wanda zai ji haushi.

Matsalar gaske tana kicin. Abincin Lahadi gasasshen nama ne, na sa, rago, kaza ko alade, da dankali da ganye da romo. Kada ka ɗauka yankan Musulmi ne sai an faɗa maka. Dankalin sau da yawa da kitsen sa ko na dinya ake gasa shi, romon kuma ana zuba masa ruwan inabi mai barasa, dafuwa kuwa ba ta kore ta duka. Soyayyen kifi da dankali, wanda baƙo ke gudu gare shi, a mashaya an fi kwaɓa fulawarsa da giyar gidan don ɓawon ya yi garas-garas. Ka ce a gasa maka kifin ba fulawa, ka tambayi irin man suyar. In ka ga gammon, ham ko bacon, duk alade ne. Black pudding ba kayan zaƙi ba ne, jini ne aka dafa. Akwai kuma ƴan ƙullin leda a bayan kanta, abin ciki kamar soyayyar ganda: fatar alade ce.

Mafi kwanciyar hankali shi ne gasasshen dankali guda, a tsaga shi a zuba cuku da wake. Sai farantin da suke kira abincin manomi, burodi da cuku da albasa mai tsami da tuffa, amma ka ce a cire naman da ake ɗorawa a gefe. Harafin V a takardar abinci yana nufin babu nama, ba ya nufin babu barasa. Haka takardar abubuwa 14 da doka ta ce a bayyana saboda masu rashin lafiya: akwai gujiya, riɗi, ƙwai, madara da kifi, amma babu alade, babu barasa. Da bakinka za ka tambaya, abu uku: akwai alade, akwai barasa, wane mai ne? Sun saba, za a leƙa kicin a dawo maka da amsa.

Tambaya: Ɗiyata da ke aure a can ta ce za mu biya irin wannan wurin da jikokina. Ana shiga da yara? Hajiya daga Ali Ɗan Sofo.

Amsa: Ana shiga, Hajiya, in suna tare da babba, musamman da rana, wasu wuraren sukan ce yara su fita da dare. An hana shan taba a ciki tun 1 ga Yulin 2007, hayaƙi ba zai dame ku ba. Abin da zai dame ku karnuka ne. Masu yawon daji na shigowa da su, su kwanta ƙarƙashin tebur, su shinshini zanen mutum. Ku nemi ɗakin cin abinci, galibi ba a kai su can, ki kuma riƙe wani mayafin a jaka don salla. Ran Lahadi a kama tebur ta waya tun kafin ranar. Sauran ranaku kicin yakan rufe wajen ƙarfe biyu da rabi sai shida na yamma, wanda ya iso ƙarfe uku sai ya haƙura da soyayyar gujiya. In ba da motarku za ku ba, a duba lokacin bas ta ƙarshe, don wasu ƙauyukan ba ta zuwa ko kaɗan ran Lahadi, kuma babu kabu-kabu a bakin hanya.